Eka ɗaya fam 100: bitar aikin World Land Trust da inda kuɗin mai bayarwa ya fi amfani

Wanda ya ba ƙungiyar World Land Trust, ƙungiyar agaji ta Birtaniya mai tara kuɗin kare dazuzzuka, fam 100 a ƙarƙashin shirinta na Buy an Acre, wato sayen eka guda ta daji, takardar godiya za a aiko masa, ba takardar fili ba. Ba zai je ya nuna wuri ya ce nan nawa ne ba, ba zai sayar ba, 'ya'yansa ba za su gada ba. Ita kanta ƙungiyar ba ta riƙe filin. Kuɗin yakan tashi daga ofishinta da ke garin Halesworth a yankin Suffolk, gabashin Ingila, ya sauka a hannun wata ƙungiya ta 'yan ƙasa a Brazil ko Kenya ko Ajantina. Su za su yi ciniki, su biya, a rubuta sunan ƙungiyarsu a takardar mallaka, kuma su za su kwana su tashi da dajin.

Haka take aiki tun 1989, lokacin da John Burton da abokan aikinsa suka kafa ta don tara kuɗin sayen daji a ƙasar Beliz, eka a kan fam 25. Da wannan kuɗi da na sauran masu tallafi, ƙungiyar Programme for Belize ta mallaki eka 110,000 da suka zama tushen gandun Rio Bravo, kuma har yau gandun yana hannunta. David Attenborough, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen namun daji a talabijin, ya zama uban World Land Trust a 2003, abin da ya ƙara mata suna a Birtaniya.

A namu ganin tsarin nan daidai ne, kuma shi ne babban abin da ya sa muke yaba mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baturen da ke zaune a Suffolk ba zai san wane mai gona ne bashi ya sha masa kai yake neman mai saye ba, ba zai san wane mafarauci ne ke ɗana tarko a bakin rafi ba, kuma in rikicin iyaka ya tashi ba shi alƙali zai kira ba. Ga kuma batun mutunci: dajin ƙasa ya zauna a hannun 'yan ƙasa, kada a wayi gari baƙi sun saye rabin lardi da sunan kare namun daji. Inda muke da ja shi ne, abin da ƙungiyar ta fi shahara da shi, wato ekar nan, ba shi ne ya fi buƙatar kuɗin mai bayarwa ba. Za mu zo wurin.

Yadda ake sayen daji

Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, ta ɗan ɗara rabin filin ƙwallo. Hekta ɗaya kuma eka 2.47 ce. Yana da kyau a riƙe wannan, domin rahotannin da ke fitowa daga Ingila da eka suke magana, abokan aikinsu kuwa da hekta.

Ba ciniki ne na yini ɗaya ba. Da farko ƙungiyar 'yan ƙasa ce ke zaɓen fili, kuma ba girma ake bi ba, dalili ake bi: ko filin ya haɗa dazuzzuka biyu da noma ya raba, ko a nan idon ruwa yake, ko a nan kaɗai wata halitta ta rage. Gidauniyar Jocotoco ta ƙasar Ekwado misali ce mai kyau. A 1997 masanin tsuntsaye Robert Ridgely da tawagarsa suka gano wani tsuntsu mai yawo a ƙasa da masana ba su san da shi ba, a tsaunukan kudancin ƙasar. Shekara na zagayowa aka kafa gidauniyar, aka fara sayen dajin da yake ciki, shi ne gandun Tapichalaca. A Kenya kuma, dajin Dakatcha da ke kusa da Malindi shi ne wurin da aka fara ganin sheƙar wani tsuntsu dangin kabare a 2013, tsuntsun da ba a samunsa ko'ina a duniya sai wannan yanki na gaɓar teku. Masu ƙona gawayi da masu gonar abarba suna cin dajin, shi ya sa ƙungiyar Nature Kenya ke sayensa yanki-yanki.

Bayan zaɓe sai lauya ya shiga. Zai bi diddigin takarda a ofishin rajistar filaye: wa ya sayar wa wa, ko an jinginar da filin a banki, ko ana bin sa bashin haraji, ko mai shi ya rasu magada ba su raba ba. A nan ciniki da yawa ke mutuwa. Magada bakwai, shida sun yarda, ɗaya yana wata ƙasa ba a same shi ba, to babu ciniki. Sai safiyo ya zaga iyaka da na'urar GPS, kuma sau tari abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Tsofaffin takardu sukan ce iyaka ta bi rafi kaza zuwa babbar bishiya kaza, alhali rafin ya sauya hanya, bishiyar ta faɗi tun zamanin kakanni. Wani lokaci mutum biyu kowa na riƙe da takardarsa a kan fili ɗaya. Wani lokaci kuma akwai iyalin da suka shekara talatin suna noma a gefe ba su da takarda, amma dokar ƙasar ta ba su haƙƙi saboda daɗewa. Ƙungiyar da ta tsallake wannan mataki don ta cika alƙawarin da ta yi wa masu bayarwa kafin ƙarshen shekara, shari'a ta saya.

Sai farashi. Da zarar labari ya bazu cewa masu kuɗin waje ne ke bayan mai saye, maƙwabta kowa ya ɗaga nasa. Shi ya sa gogaggun abokan aiki ba sa shelar filin da suke hari sai an sa hannu, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa mai bayarwa ba ya samun taswirar ainihin ekarsa. Akwai kuma canjin kuɗi. Ana tarawa da fam, ana biya da kuɗin ƙasar, a Ekwado ma da dalar Amurka, wadda ita ce kuɗinsu tun 2000. Lokacin da fam ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, duk wata ƙungiyar Birtaniya da ta yi alƙawarin biya da dala ta tarar da giɓi a lissafinta cikin dare ɗaya.

Don haka fam 100 ba farashin kowane daji ba ne. Farashi ne na wuraren da ƙasa ke da araha, kuma jerin ƙasashen da ke cikin shirin yakan sauya, wata ta fita idan filaye sun yi tsada, wata ta shigo. A bakin kogin Kinabatangan da ke jihar Sabah a Maleshiya, inda ƙungiyar Hutan ke aiki daga ƙauyen Sukau tun 1998, kamfanonin kwakwar manja ne abokan takara, kuma eka ɗaya takan ci dubban fam. Irin waɗannan wurare da gangamin musamman ake tara musu kuɗi, kamar na 2013 da aka nemi fam miliyan ɗaya don haɗa guntayen dajin da birin orangutan da giwayen Borniyo ke bi.

Abu ɗaya da takardar mallaka ba ta karewa shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A Ekwado da yawancin maƙwabtanta, ma'adinai na gwamnati ne ko da saman filin na mutum ne. Ana iya ba kamfani lasisin neman zinariya ko tagulla a kan gandun da aka saya aka biya. Shari'ar dajin Los Cedros, wadda Kotun Tsarin Mulkin Ekwado ta yanke a ƙarshen 2021 ta hana haƙar ma'adinai a ciki, ta nuna ana iya yin nasara, amma bayan shekaru ana biyan lauyoyi. Wannan kuɗin ba ya cikin fam 100.

Inda ba a sayar da ƙasa

Abin yabo ne cewa ƙungiyar ba ta kafe a kan saye kaɗai ba. A Armeniya, ƙungiyar FPWC haya take yi daga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun Khosrov, kuma a wannan filin haya ne kyamara ta ɗauki damisar Kokasas a 2013. A Biyetnam, inda daji na gwamnati ne, ƙungiyar Viet Nature ta karɓi hayar shekara 30 a dajin Khe Nuoc Trong. Raunin haya a fili yake: tana ƙarewa, kuma duk shekara sai an biya.

Aikin Indiya ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙungiyar Wildlife Trust of India ta lissafa burtalin giwaye 101 a faɗin ƙasar, wato siraran hanyoyin da garke ke bi daga wannan daji zuwa wancan ta tsakanin gonaki da gidaje. Giwa ba ta mance hanyar kakanninta. In an yi gona a kai za ta bi ta cikin gonar, in an yi gida za ta bi ta kan gidan, daga nan sai asarar amfani da ta rayuka a ɓangarorin biyu. A burtalin Tirunelli zuwa Kudrakote da ke jihar Kerala, filin da aka saya kimanin eka 25 ne kacal, amma yana cikin yankin da ya fi ko'ina yawan giwayen Asiya. An yi shekaru ana tattaunawa da mazauna wasu ƙananan ƙauyuka, suka amince suka koma sababbin gidaje da gonaki a waje, sannan aka miƙa filin ga hukumar gandun daji ta jihar. Wanda ke auna aiki da yawan eka zai raina wannan, alhali ya fi dubban ekoki a wani wurin tasiri.

A tsaunukan Garo na jihar Meghalaya kuwa ko sisi ba a sayi ƙasa da shi ba, domin ƙasar ta dangi ce, ana gadonta ta wajen uwa, tana ƙarƙashin kulawar shugaban da suke kira Nokma. Abin da ake yi shi ne ƙauye ya keɓe wani yanki da kansa, a yi masa rajista a matsayin gandun ƙauye, su kuma a tallafa musu da abin da suka ce suna buƙata. Wannan hanya ta fi jinkiri, ta fi cin zama da shawara, kuma ba ta da takardar da za a ɗauki hotonta a aika wa mai bayarwa. Amma a ƙasashen da fili na al'umma ne ko na gwamnati, ita da haya ne kaɗai hanya, kuma muna son ganin ta ƙara samun kaso.

Batun tayar da mutane ba abin wasa ba ne. Tarihin kare daji a duniya cike yake da mutanen da aka kora daga ƙasarsu ba diyya ba sallama. Duk aikin da ya ƙunshi ƙaura, tambayoyin da ya kamata mai bayarwa ya yi su ne: an sanar da su komai kafin su yarda? Suna da damar cewa a'a? An ba su takardar sabon wurin da sunansu? Bayan shekara biyar rayuwarsu ta fi ta da ko ta gaza? Ƙungiyar da ke da amsa ba za ta ji haushin tambaya ba.

Malamin daji

Yanzu ga inda muka ce za mu zo. Fili sau ɗaya ake sayensa, tsaronsa kuwa kullum ne. Dajin da aka biya kuɗinsa aka bar shi ba mai zagayawa, bayan damina biyu za a tarar da kututture, da toka, da kashin shanu. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A 2011 ƙungiyar ta buɗe shirin Keepers of the Wild don biyan malaman daji da abokan aikinta ke ɗauka, kuma mu a wurinmu shi ne mafi daraja a duk abin da take yi. A duba yinin malamin daji ɗaya. Da asuba ya fita da adda da gora, ya bi iyaka a ƙafa ko a babur ko a kwalekwale. Ya kwance tarkon waya da aka ɗana a hanyar dabbobi, ya ɗauki hoton wurin, ya sa alamarsa a na'ura don a gane inda ɓarna ta fi yawa. Ya isa wurin kyamarar da ke ɗaure a jikin bishiya daidai gwiwa, ya sauya batura da katin ajiya, ya goge raɓa daga gilashi, ya kori tururuwar da ta yi gida a ciki, ya sare ganyen da iska ke kaɗawa yana sa kyamarar ɗaukar hoto dubu na banza. Ya ɗaure shingen waya inda shanu suka ɓalla. Kafin rani ya shiga, shi da abokansa su share wani zirin ƙasa mai faɗin 'yan mitoci a gefen daji don kada wuta ta tsallako daga gonakin da ake ƙonawa. Wata ranar kuma makarantar ƙauye zai je, ko gidan mutumin da damisa ta kashe wa ɗan maraƙi, ya zauna ya saurari fushinsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne da ke dawowa duk wata: albashi, takalmi, rigar ruwa, mai, gyaran babur, batura, rediyon sadarwa, magani. In albashi ya tsaya wata uku, mutumin da ya fi kowa sanin inda dabbobin ke kwana ya koma neman abinci, kuma ba lallai ne ya neme shi nesa da dajin ba.

Gandun REGUA da ke jihar Rio de Janeiro a Brazil, cikin abin da ya rage na dajin gaɓar Atlantika, ya ɗauki tsofaffin mafarauta aikin gadi. Dabara ce mai kyau ta fuska biyu: sun san kowace hanya da kowace dabarar tarko, kuma maganarsu tana shiga kunnen sauran mafarauta fiye da ta baƙo. Saboda farauta ta ragu ne aka iya dawo da tafir cikin dajin a 2017, wata dabba mai kaurin jiki da ɗan guntun hanci mai lanƙwasa, bayan ta shekara fiye da 100 ba a ganta a jihar ba. Takardar fili ba ta isa ta yi wannan ba.

Aikin yana da haɗari. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga mutum 196 da aka kashe a 2023 saboda kare ƙasa da muhalli, 79 daga cikinsu a Kolombiya, ƙasar da World Land Trust ke da abokan aiki. Ba dukansu malaman daji ba ne, da yawa shugabannin al'umma ne, amma yanayin da ake aikin ke nan. Ga kuma wuta. A watan Agustan 2017 gobara ta ci wani babban yanki na gandun Khosrov, a 2019 kuma ta mamaye yankunan Chaco da Pantanal a Paraguwai, inda ƙungiyar Guyra Paraguay ke da gandu. A irin wannan rana, wanda ke kusa da famfon goyo da abin bugun wuta shi ne komai.

Matsalar ita ce eka tana da daɗin bayarwa. Ana iya ƙirga ta, ana iya ba wani kyautarta, tana da takarda. Albashin wata na mai gadi ba shi da wannan kwarjini, don haka a duk fagen nan kuɗin saye ya fi sauƙin samu a kan kuɗin tsaro. Duk sabuwar eka kuma ƙarin nauyi ce a kan wanda zai tsare ta. Ba laifin ƙungiyar kaɗai ba ne, halin masu bayarwa ne, amma da mu ne da mun so a riƙa rubuta wa mai sayen eka, a kan takardar tasa, abin da tsaronta zai ci a shekara goma masu zuwa.

Dashen itatuwa da lissafinsa

Shirin Plant a Tree fam 5 ne kowace bishiya. Abin da muka yaba shi ne itatuwan asalin wurin ake dasawa, a filin da yake da tsaro, ba a jera turare ko wani baƙon ice mai saurin girma a kira shi daji ba. Ana tsinto iri daga dajin da ke kusa, a rene shi a leda ƙarƙashin rumfa na tsawon watanni, a riƙa rage masa inuwa da ruwa kafin fitarwa don ya saba da wahala, sannan a dasa da faɗuwar damina. Ana haɗa masu saurin tashi da za su yi inuwa cikin shekara biyu ko uku da masu jinkiri da za su zama manyan itatuwan gobe.

Dasawa ita ce mafi sauƙi. Abin da ke kashe dashe yana zuwa ne bayan an tafi. A tsofaffin makiyayun Brazil, ciyawar kiwo da aka kawo daga Afirka takan shaƙe ƙaramin dashe, da rani kuma ta bushe ta zama makamashin wuta. Tururuwa masu yankan ganye sukan tsige shi tas cikin dare ɗaya. A Kinabatangan ambaliya ce da ciyayi masu naɗewa, wani lokaci da ƙafar giwa, kuma tawagar matan ƙauye da Hutan ta ɗauka aikinsu mafi yawa ba dasawa ba ne, komawa ne da adda suna share gindin kowane dashe har ya fi ƙarfin ciyawa. Shekara biyu zuwa uku na irin wannan kulawa shi ne ƙa'ida. Saboda haka adadin da ya kamata a nema a rahoto ba nawa aka dasa ba ne, nawa ne ke raye bayan shekara uku.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi. A dajin Atlantika an saba dasawa da tazarar mita 3 da mita 2, wato kimanin dashe 1,667 a hekta. A kan fam 5, hekta ɗaya ta tashi fam 8,335. Hekta ɗaya ta dajin da ke tsaye, a farashin Buy an Acre, fam 247 ce. Ninki fiye da talatin ke nan, kuma dajin da ke tsaye yana da tsofaffin itatuwa masu kogo, da ƙwari, da tsuntsaye, da ƙasar da ba a taɓa juyawa ba, abubuwan da dashe ba zai kai ba ko a shekara hamsin. Ba kowane wuri ake dasawa da wannan yawa ba, kuma inda daji ke kusa sau da yawa katange shanu da hana wuta kaɗai ya isa ya dawo da kansa. Dashe yana da muhallinsa: rufe giɓin da ke tsakanin dazuzzuka biyu, da riƙe gaɓar kogi. A wajen wannan, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Game da shirin Carbon Balanced, wanda aka fara a 2005 don kamfanoni da mutane su biya kuɗin kare daji a madadin hayaƙin kabon da suke fitarwa, ba za mu ja magana ba. Kuɗin yana isa ga dazuzzuka na gaske, kamar na gaɓar Karibiyan a Guwatemala inda ƙungiyar 'yan ƙasa FUNDAECO ke aiki. Amma dukan wannan kasuwa ta ginu ne a kan hasashen abin da zai faru da ba a kare dajin ba, kuma hasashe yana iya zarce gaskiya. Akwai kuma yiwuwar mai gatari ya bar nan ya koma dajin gaba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A ɗauke shi gudummawa ga daji, kada a ɗauke shi lasisin ci gaba da ƙona mai.

Karanta rahoton shekara, da yadda za a bayar

Ƙungiyar tana da rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales, wadda ke wajabta miƙa lissafin kuɗi cikin wata 10 bayan ƙarshen shekarar kuɗi, kuma kowa na iya duba shi kyauta a shafin hukumar. Wannan ya fi duk wani hoton tsuntsu muhimmanci. A duba nawa ya shigo, nawa ya fita zuwa ga abokan aiki da sunayensu, nawa aka kashe wajen neman kuɗin. A lura da bambancin kuɗin da aka ɗaure wa wani aiki da wanda aka bar wa ƙungiya ta sarrafa. In aka ga jimillar ekoki, a rarrabe: wanne aka saya, wanne haya ne, wanne al'umma ko gwamnati ce ta ayyana, wanne kuma aka haɗa kuɗi da wasu. Haɗa kuɗi abu ne da aka saba, misali da Rainforest Trust ta Amurka, wadda har zuwa 2013 sunanta World Land Trust-US, kuma fili ɗaya yana iya fitowa a rahoton ƙungiyoyi biyu ko uku ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Ga ƙungiyoyin 'yan ƙasa masu neman tallafi, a sani cewa wannan ba taga ce ta ƙaramin tallafi na shekara ɗaya ba. Abota ce ta dogon zango da ƙungiyar da ke da rajista, da lissafin da odita ya duba, da ikon riƙe fili bisa dokar ƙasarta. Mai farawa ya fi dacewa ya duba gidauniyar Rufford, wanda ya yi nisa kuma ya duba Whitley Fund for Nature, dukansu a Birtaniya.

Ga mai bayarwa kuwa, in kyauta yake son yi wa wani, eka ba ta da aibu, daji na gaske ne ake saya. In kuwa tasiri yake nema, shawararmu ita ce ya sa kaso mafi girma a Keepers of the Wild ko a asusun Action Fund, wanda ba a ɗaure shi da wani aiki ba, shi ake taɓawa idan wuta ta tashi ko wani fili mai muhimmanci ya fito kasuwa ba zato. Kaɗan duk wata ya fi mai yawa sau ɗaya, domin da shi ake iya yi wa ma'aikaci alƙawarin albashi. Wanda ke biyan haraji a Birtaniya ya cike takardar Gift Aid, gwamnati za ta ƙara fam 25 a kan kowane fam 100, wanda ba ya biyan haraji a can kuwa wannan bai shafe shi ba. Mai niyyar bayar da kuɗi mai kauri lokaci ɗaya ya jira watan Oktoba, lokacin Big Match Fortnight, mako biyun da wasu manyan masu tallafi ke ninka abin da aka bayar ga babban gangamin shekarar, kamar na dajin Chocó a Ekwado a 2020 da na Laguna Grande a Guwatemala a 2021. Ninkin yana da iyaka, gwargwadon abin da masu ninkawar suka ajiye, don haka kwanakin farko sun fi na ƙarshe tabbas.